Injin Nafisa Ya Je Masar

Tun ranar da na dawo daga Masar ban samu na gama aiki guda cikin natsuwa ba. Mutum zai shigo warshata, wato garejina, da famfonsa a amalanken jaki, kafin in kwance noti biyu ya ja benci ya zauna, ya ce wai da gaske ne injin ya tashi? A masallaci haka, wurin mai jabana, inda muke shan gahawa, haka, har wajen gaisuwar rasuwa sai da wani ya matso ya tambaye ni a kunne. Na gaji da farowa daga tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in ɗauko shi tun daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ni ne Usta Isiyaku; usta a nan shi ne makaniken da ya ƙware. Shekara talatin da wani abu ina gyaran inji a garinmu, kudu da Sinnar, a bakin kogi. Lori, tarakta, raksha mai ƙafa uku, injin ban-ruwa wanda mu nan muke ce wa babur, duk sun bi ta hannuna. Nafisa ita ce ta huɗu cikin 'ya'yana, kuma ita kaɗai ta ɗauko hannun. Tana karatun injiniya a Madani.

Wani hutu ta zo mini da kan injin raksha a cikin buhu, ta ce in cire mata kamshaf in toshe wurinsa. Ga wanda bai san inji ba, kamshaf wata sandar ƙarfe ce mai tozo-tozo. In tana juyawa, tozon ne ke danna bawul, ɗaya ya buɗe mai da iska su shiga, ɗaya ya buɗe hayaƙi ya fita. Sarƙa ke haɗa ta da sauran injin don kada lokaci ya saɓa. Rabin aikina a duniya saita wannan lokacin ne. Na tambaye ta abin da zai danna bawul in an cire sandar. Ta ce kowane bawul za a ba shi nasa madanni mai aiki da matsattsiyar iska, da ɗan mai a ciki don kada ya sauka da ƙarfi, sannan wata 'yar kwamfuta ta riƙa ba su umarni. Tozon ƙarfe, in ji ta, yadda aka ƙera shi haka zai mutu. Amma wannan, in ana tafiya a hankali sai ya buɗe kaɗan ya tanadi mai, in ana gudu ya buɗe baki ɗaya.

Na yi mata aikin, don ban iya ce mata a'a ba. Amma na gaya mata a gaban yayanta cewa wannan abu ba zai tashi ba. Sau uku tana gayyatata Madani in ji shi, ina cewa aiki ya yi mini yawa.

Da sanyi ya shigo sai ga labari: an karɓe su a wata gasar ɗalibai ta ƙananan motocin tsere a bayan Alƙahira. Uwarta, Hajja Kulu, ta ce yarinya ba ta ƙetare iyaka ba muharrami. Yayanta Bashir ruwan hawasharsa, wato gonarsa ta ban-ruwa, ya zo, ba ya motsawa. Malaminsu Ustaz Abbas kuma ya aiko cewa dama suna neman wanda ya iya walda. Haka na wayi gari da fasfo a aljihu, ni da ban taɓa wuce Shandi ba.

Hajja Kulu ta haɗa mini guzuri kamar wanda zai shekara: busasshiyar kisra, wato siririyar wainar dawa, garin kuɓewa, yajin agashe, wato tsire, dabino, da goro a jiƙaƙƙen tsumma. A Khartum muka haɗu da Ustaz Abbas da Mu'utasim, wani dogon saurayi mai yawan dariya, wanda shi ne zai tuƙa motar. Motar kuwa da na gan ta a kwance sai da na kau da kai. Ba ta fi gadon ƙarfe ba. Aka ɗaure ta a cikin bas tsakanin buhunan karkade, wato zoɓo, da akwatunan wasu mata masu zuwa ganin likita, injin kuma yana cikin akwatin katako shi kaɗai. Duk ramin da muka faɗa sai Nafisa ta runtse ido.

Hanyar arewa ba ta da abin faɗi, yashi ne da duwatsu. Abin da na riƙe shi ne mutanenta. A wani zango kusa da Dungula mai abinci ya kawo mana gurasa mai kauri da miyar kaza. Na ce wa Nafisa da Hausa, ashe su ma gurasa suke ce mata. Mutumin ya ji kalmar, ya tsaya ya rantse cewa kakanninmu ne suka koya wajen kakanninsu. Na ce a'a, alhazanmu ne suka bar musu ita a kan hanya. Muka yi ta ja har direba ya busa ƙaho, muka rabu kowa yana kan bakansa, ya ƙara mini gurasa biyu a takarda.

Mun kwana a Halfa, a wata lokanda, wato masauki, mai gadajen igiya jere a tsakar gida, mata da nasu ɓangaren. Da safe ba shayi da madara suka fara kawowa ba kamar mu, soyayyen kifi ne da zafinsa. Na ci har na ji kunya.

A iyaka ne abin ya fara. Aka sauke kaya duka a ƙasa, kowa ya tsaya kan nasa. Wani jami'in kwastan na ɓangaren Masar, mai furfura a gashin baki, ya sa aka buɗe akwatin. Ya duba takarda, ya duba injin, ya sake duba takarda. Sai ya durƙusa ya shafa gefen da sarƙa ya kamata ta bi. Ashe ubansa makanike ne, a gareji ya tashi. Ya ce takarda ta ce inji guda cikakke, wannan kuwa ba sarƙa, ba kamshaf, rabin inji ne. Ko dai a kawo sauran, ko a koma a gyara takarda. Ba da mugunta ya faɗa ba. Gaskiyar abin da ya sani ya faɗa, kuma ni a raina na san da ni ne a wurinsa haka zan ce.

Ustaz Abbas ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Jirgin ruwan da zai ƙetare tafkin da ke gabanmu da bas ba ya jiran kowa, fasinjoji sun fara gunaguni. Sai Nafisa ta matso, ta gaishe shi, ta ce in ya yarda za ta tayar masa da shi nan take. Ya dube ta, ya dube ni.

"Hajji, 'yarka ce? Zai tashi?"

Mutane suka zubo mini ido. Na ce, "Tunda ta ce zai tashi, zai tashi." Ni kuwa ban taɓa jin tashinsa ba.

Babu fetur, don an tsiyaye shi tun Khartum. Wani Banube, ɗan ƙabilar yankin, mai ƙaramar mota ya zuƙo mana rabin gora daga tankinsa. Kwalbar iskar da ke danna bawul ma wayam take. Nan ni na yi amfani: na ce wa direban bas ya ba mu daga tankin birkinsa, na haɗa tiyo da abin da ke jakata. Batir ma nasa muka ara. Na hau murfin akwatin na danne injin da gwiwa da hannu biyu, Nafisa ta buɗe kwamfutarta a kan buhun karkade, Mu'utasim ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja, ya yi tari ɗaya ya mutu. A na uku ya kama.

Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba. Ƙasansa muryar raksha ce da na sani, amma samansa wani tsaf-tsaf-tsaf ne mai sauri kamar keken ɗinki. Yana rawa a ƙarƙashin tafin hannuna, lafiyayye, ba ya tsallake bugu ko ɗaya. Ina kallon wurin da na toshe da hannuna, babu abin da ke juyawa, amma ga shi yana numfashi. Nafisa ta taɓa wani abu a kwamfuta, muryarsa ta yi laushi. Ta sake taɓawa, ta yi kauri. Ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da hakan, don idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙi ne.

Jami'in ya kira abokan aikinsa su uku su zo su gani. Ya buga hatimi, ya aika aka kawo mana shayi, ya ce da ubansa na da rai da ya ce aljanu ne. Matan nan masu zuwa ganin likita, waɗanda ɗazu suke ƙorafi, su suka yi guɗa. A cikin jirgin ruwa ɗayarsu ta riƙe hannun Nafisa har muka ƙetare, tana tambayar ko an yi mata miji.

Alƙahira kuwa, ku da kuke ganin kasuwar Sinnar ran Litinin cunkoso ce, ku yi shiru kawai. An sauke mu a wani gida hawa na tara. Ni da na saba in fito tsakar gida in ga sama, sai na leƙa taga in ga shanyar wasu. Gaisuwarsu gajera ce. Ka fara tambayar gida da yara da gajiya, mutum ya riga ya kai kwana. Amma bakinsu da zaƙi, kowa ubangida ne, kowa babban injiniya ne. Mai gadin gidan tun ranar farko ya naɗa ni shugaban makanikan Sudan.

Abincinsu da suka fi ji da shi shinkafa ce da taliya da wani ƙaramin wake a kwano guda, a watsa soyayyar albasa da ruwan tumatir. Na tambaya ina miyar, aka ce ai ke nan. Kuma kowa da kwanonsa, ba a haɗa hannu a tire. Kwana biyu na daure, a na uku Nafisa ta kaɗa mana miyar kuɓewa, muka jiƙa kisra, muka zauna a ƙasa mu huɗu. Mai gadi ya hau ya ɗanɗana, ya ce da daɗi, amma na ga yadda yake faɗa da yauƙin.

Yanzu ga inda na yi ɓarna. Mun fita neman wasu notuna, aka ce sai mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. A tashar akwai matakala mai tafiya da kanta. Na ga tsofaffi suna hawa, har da mace mai ɗauke da kwando a ka, na ce ba za a ga gazawata ba. Na sa ƙafa ɗaya, ta tafi, ɗayar tana nan. Na kai hannu na cafko abin da ke kusa, ashe Mu'utasim ne. Muka zube tare. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, don a kansa na sauka. Shi kuwa wuyan hannunsa na dama ya kumbura kafin mu fito. Likita ya ce targaɗe ne, ya naɗe, ya ce kada ya riƙe sitiyari sai bayan mako biyu. Tsere saura kwana biyu.

Yaron nan dariya ya yi ta yi, yana cewa zai gaya wa jikokinsa babban usta ya taɓa faɗo masa. Ni kuwa sai haƙuri nake ta ba shi. Sai Ustaz Abbas ya ja ni gefe ya ce akwai direba na biyu a takarda, kuma ta yi atisaye a Madani daidai da Mu'utasim. Ban tambayi ko wace ce ba, don na san Nafisa yake nufi. Na ce masa zan yi tunani.

Washegari ranar gwaji ce. Filin yana can cikin hamada, an jera rumfuna, kowace makaranta da tata. Sanyin safiyar nan ya wuce duk wanda na sani, har yatsuna suka ƙi lanƙwasa. Muka haɗa motar, na bi kowane noti da hannuna. Aka ɗaga ƙafafun baya aka tayar. A ƙaramin gudu lafiya lau. Da aka taka sai ya fara tari yana harbi ta bututun hayaƙi. Nafisa ta duba kwamfuta ta ce duk umarnin daidai yake fita. Suka canza fulogi, suka duba waya, suka duba iska. Masu duba motoci kuma sun ce in bai daidaita kafin azahar ba, ba za a ba mu izinin shiga fili ba.

Na ɗauki dogon sukudireba, na kafa bakinsa a kan injin, na sa ƙotar a kunnena, yadda nake yi wa kowane babur. Na ce su taka. Cikin wannan tsaf-tsaf ɗin na ji ɗaya yana jan ƙafa. Na gaya mata bawul ɗin hayaƙi ba ya zama da wuri. Kwamfuta tana cewa rufe, shi kuma sai ya ga dama. Sai ta dafe kai ta ce man da ke cikin madannin ne. A zafin Madani suka saita shi, nan kuwa sanyi ya sa ya yi kauri.

Na jawo jakar sufanu zan fara kwancewa, ina lissafin aikin awa uku. Ta riƙe mini hannu.

"Baba, bar shi a rufe. Kai dai ka saurara, ka gaya mini."

Na mayar da kunne. Tana matsar da lokacin rufewa kaɗan-kaɗan da yatsa ɗaya, ina cewa ƙara, ƙara, kin wuce, dawo kaɗan. Sai na ji ya zauna daram. Na ɗaga hannu. Mu'utasim ya taka har ƙasa, injin ya yi kuka mai tsabta, mutanen rumfar kusa suka leƙo. Abin da zan yi awa uku ina yi da sufana da ma'auni, mun gama shi kafin shayina ya huce. Daɗi ya kama ni, wani abu kuma ya ɗan soke ni a ƙirji, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya ta rubuta wa kwamfutar cewa ta riƙa duba zafin mai tana gyara lokacin da kanta.

Cikin masu duba motocin akwai wani dattijon injiniya, Muhandis Sabri, wanda ya yi shekaru yana aikin injin jiragen ruwa. Ya ga abin da muka yi, ya kawo mana mai marar kauri daga motarsa, ya zauna muka sha shayi. Na tambaye shi tsakani da Allah ko wannan abu zai kai ko'ina. Ya ce a manyan jiragen ruwa an daɗe da samun injuna marasa kamshaf, shi da kansa ya yi aiki da su. Mota ce ta yi wuya, don injinta yana gudu ƙwarai, kuma in bawul ya makara ko da ƙiftawar ido ne, fistin zai same shi a hanya, inji ya tashi aiki. Sarƙa ba ta da wayo amma ba ta mantuwa. Ya ce a manyan tsere dokoki ne suka tare hanya, yawancinsu ba su yarda da shi ba tukuna. A motocin kasuwa kuma sai ya yi araha, ya rage ƙara, ya shekara goma ba a buɗe shi ba. Sannan ya nuna mini rumfunan da ke gefe, inda motocin ɗalibai masu batir suke wucewa ba ko tari, ya ce ga kuma waɗancan suna tahowa da gudu, wataƙila su riga shi isa.

Na ce to a ƙasarmu, da ƙurarmu da zafinmu, in ya lalace a tsakiyar hawasha wa zai gyara? Nafisa ta ce ai ba ta ga ranar da batir zai ja lorin dawa daga Dindir zuwa Madani nan kusa ba, kuma injin da zai iya shan fetur yau, gobe gas, ba tare da an canza masa ƙarfe ba, mu ya fi wa amfani. Mai gyara kuwa, ta ce, ga shi nan zaune yana shan shayi. Muhandis Sabri ya yi dariya har ya ƙware.

Da la'asar aka ba mu izini. Sai Nafisa ta zo ta durƙusa gabana kamar yadda take yi a gida. Na san abin da take jira. Na dubi motar nan da ba ta kai gwiwata tsawo ba, na tuna yadda na ga wata motar ta kife a kwana da safe. Na ce wannan ba hukuncina ba ne ni kaɗai, na kira Hajja Kulu a waya. Na faɗa mata komai, har da faɗuwata a matakala. Sai ta tambaya ko akwai hular kwano. Na ce akwai, har da rigar da wuta ba ta ci.

"Notunan motar, wa ya ɗaure su?"

Na ce ni.

"Duka?"

Na ce duka, da hannuna.

"To, a bar ta ta shiga. Ba ni ita in yi mata addu'a."

Ranar tsere na kasa zama. Ba a sakin motocin gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake saki, a ga wadda za ta gama zagayen da aka yanka ba ta mutu ba, da kuma lokacin da ta ɗauka. Nafisa ta cusa ɗankwalinta cikin hular, aka ɗaure ta da bel, ban iya ganin komai nata sai ido. Aka ɗaga tuta ta fita.

Zagayen farko a hankali ta yi, har Mu'utasim yana ta ɗaga naɗaɗɗen hannunsa. Daga na uku ta saki jiki. Ko ban duba ba ina gane motarmu cikin sauran, saboda wannan ƙarar keken ɗinkin. Masu batir biyu suka wuce ta kamar iska. Motoci uku na ƙirga a gefen hanya sun mutu, masu su suna turawa. Sai ga ta ta cim ma wata jar mota, ta bi ta zagaye guda cur, a kwana ta shige ta ciki ta wuce. Ban san lokacin da na fara gudu a bakin shinge ba. Rawanina ya warware ya faɗi, wani yaro Bamisire ya biyo ni da shi. Ina ta kiran sunanta, ina cewa da Hausa ta riƙe, ta riƙe.

Can wani saurayi ya dafa ni ya gaishe ni da Hausa. Ɗan Kano ne, yana karatu a can. Ya ce tun ɗazu yake jin wani yana ihu da irin Hausar kakarsa, ya kasa gaskata kunnensa. Ya tsaya tare da ni yana taya ni kira, bai ma san wadda ake kira ba.

Saura zagaye biyu na ji muryar injin ta canza. Iskar kwalbar ta kusa ƙarewa, bawul ba ya buɗewa sosai. Ita ma ta ji, ta sassauta ƙafa, ta lallaɓa shi. Zagayen ƙarshe kamar raksha mai ɗauke da buhu shida haka ta yi shi. Ta ƙetare layi, ta yi 'yan taku kaɗan, injin ya yi ajiyar zuciya ya mutu.

Ba mu zo na ɗaya ba, ba mu zo kusa da na ɗaya ba. Muna tsakiya. Amma cikin duk motocin da suka zo, tamu kaɗai ce ba kamshaf, kuma ta gama da ƙafarta. Aka ba su wani allon gilashi na sabuwar dabara. Da aka kira su, Ustaz Abbas ya jawo ni sai da na hau tare da su, da baƙin mai a gaban jallabiyata. Lokacin da Nafisa ta cire hular kuwa, gumi ya jiƙa ɗankwalin, abin da ta fara ce mini shi ne kwalbar ta yi ƙanƙanta, dole a sa famfon iska a jikin injin. Na ce na riga na san inda za mu ɗaura shi.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Jami'in nan mai furfura ba ya bakin aiki ranar, Nafisa ta bar masa hoton motar wurin abokansa. A Khartum muka rabu da Ustaz Abbas da Mu'utasim, na ba yaron sauran yajin agashen gaba ɗaya, na sake ba shi haƙuri, ya ce in ana samun irin wannan yaji to ga ɗaya hannun ma.

Mun sauka Sinnar da hantsi. Bashir ya zo tarbarmu da tsohuwar boksita, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya fito ya miƙo mini makulli, don duk gidan an san ba mai tuƙa ni a cikinta. Nafisa ta ɗauki jakarta za ta zagaya ɗaya gefen. Na kira ta, na sa mata makullin a hannu, na buɗe ƙofar fasinja na zauna. Bashir ya tsaya baki buɗe, sannan ya haye baya wurin kaya.

Ta fitar da mu daga tasha, ta hau hanyar garinmu, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Amalanken jaki ya wuce mu. Mai raksha ya wuce mu yana waiwaye. Na daure har muka hango bishiyoyin bakin gari da rumfar mai jabana, inda na san duk abokaina suna zaune a wannan lokacin. Na tambaye ta ko lafiya.

Ta ce, "Baba, motarka ce."

Na gyara rawanina, na fitar da gwiwar hannu ta taga yadda kowa zai gan ni da kyau.

Na ce, "Taka ta, Usta."